Abin da Tafin Takalmi Ya Gaya Mini

Ni ne Tolosa, baduku a bakin kasuwar Bekoji,
jarina basilla da zare da yankin tsohuwar taya.
Ban yi nisa a boko ba, amma ina da nawa karatun:
miƙo min takalminka, in faɗa maka yadda kake tafiya.

Na 'yata Lensa na fi haddacewa.
Dunduniya a cinye, gefen ciki a goge,
irin na mai jan ƙafa tana raɓe jikin katanga
kamar ƙasa na bin ta bashi.
In baƙo ya tambayi sunanta
sai ta raɗa wa wuyan rigarta.

Ran wata Talata Malama Obse ta zo da buhu,
ta zazzage shi a gabana: takalma goma sha tara,
ɗaya maraya, ɗaya ba igiya,
ɗaya ya wage baki kamar mai hamma.
Ta ce, "Na 'yan matana ne, masu gudun asuba."
Na faɗi kuɗi, ta yi dariya, ta yanke rabi,
sannan ta leƙa bayan benci:
"Waccan fa? Ko ita ba ta da ƙafa?"

Uwarta ta ce sanyin dutse zai kama ta.
Ni na ce wa zai ɗebo ruwa?
Lensa ba ta ce uffan ba.
Da asuba dai na ji kukan ƙyaure.

Makon farko ta yi amai a gindin turare,
ta zo ta ƙarshe, can bayan ta ƙarshe,
har karen maƙwabta ya gaji da jiranta.
Na ce to, ƙarshen tika-tika tik.
Washegari ƙyaure ya sake kuka.

Sai dokoki suka shigo gidana babu sallama.
Ba a fita da ciki wayam, sai an sha kunun sha'ir.
Ruwan gora a tafasa shi tukuna.
Safa kuwa kullum tana lilo a kan danga.
Ƙarfe tara ta hure fitila, wai barci ma horo ne.
Ni da na saba karyawa da gahawa zalla,
yau 'yar shekara goma sha uku ke turo min dafaffen ƙwai,
ta tsaya a kaina sai na cinye.

Ran Asabar, bayan gudu, sukan zauna a ciyawa
su yi maganar da ba a yi da uba.
Ban tambaya ba.
Na dai ga ta daina ɓuya 'yan kwanaki a kowane wata.

Aka kai su gasa Asella a bayan akori-kura.
Ba ta ciyo komai ba, ta goma sha ɗaya ta zo,
taɓo har gwiwa, leɓe a fashe.
Amma daren nan ita ta riƙe hira,
tana nuna mana da cokali inda ta wuce mutum huɗu a hawa,
tuwon tef ya huce ba wanda ya lura.

Jiya wani mai keken doki ya jefo min birr talatin
a kan aikin arba'in, ya juya abinsa.
Ni har na yi shiru, kamar yadda na saba.
Sai na ji murya a bayana, ba tsawa, ba rawa:
"Baba, saura goma."
Ya dube ta, ta dube shi.
Ya laluba aljihu.

Da dare na ɗauki takalminta na kai kusa da fitila.
Dunduniya lafiya lau, kamar ba a taɓa taka ta ba.
Gaban ne ya cinye, daidai ƙarƙashin yatsu,
inda mutum ke dannawa in zai tashi.

Yau da safe ta zo riƙe da hannun wata 'yar ƙarama,
Bontu, 'yar mai sayar da gawayi,
kai a sunkuye, silifas a hannu.
Na juya silifas ɗin. Dunduniya a cinye.
Na jawo basilla, na lashi zare,
na ce wa uwar Lensa ta ƙara ruwa a kunu.